SHAIDU UKU KAFIN A SA WUƘA

Ba mu saba kawo zancen jikin mata a wannan fili ba, kuma mun san akwai waɗanda za su ga kamar mun yi rashin ta ido. To, su gafarce mu, gama abin da ya sa muka ɗauko zancen yau ya fi ƙarfin kunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da lissafi cewa a cikin shekarar 2022 mata wajen miliyan 2.3 aka samu da ciwon dajin nono a duniya, kimanin 670,000 kuma suka rasu ta dalilinsa. A Nijeriya kaɗai an ƙiyasta waɗanda ciwon ya kama a wannan shekara sun haura 30,000, waɗanda suka rasu kuwa wajen 16,000. Babu wani irin daji da ya kai shi yawa a ƙasar nan. Iyayenmu ne fa a ke lissafawa, da matanmu, da 'yan'uwanmu.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne wannan. A ƙasashe masu wadata, in aka ɗauki mata 10 da aka gano suna da ciwon, fiye da 9 za a tarad da su da rai bayan shekara 5. Amma wani bincike da aka bayyana a 2020, wanda ya bi diddigin mata a ƙasashe 5 na Afirka, ya nuna cewa cikin matan Nijeriya da aka bi, 36 cikin 100 kaɗai suka kai shekara 3. Cuta iri ɗaya ce nan da can. Abin da ya raba mu da su abu uku ne: zuwa asibiti a makare, da rashin tantance ciwon sosai, da rashin ƙarasa magani. Na farko an sha yin magana a kansa. Na tsakiya ne mu ke so mu tsaya a kai yau, domin shi ne mutane suka fi jahilta, alhali kuwa a kansa a ke gina dukan abin da zai biyo baya.

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar alƙali ya san ba a yanke hukunci da ji-ta-ji-ta, sai an kawo shaidu an saurare su. Haka likitocin duniya suka daidaita game da ƙullutun nono. Sun ce a kira shaidu uku: hannun likita, da hoto, da madubin likita wanda a ke duba gutsuren tsoka da shi. In ukun nan suka yi baki ɗaya, da wuya a kuskure. In ɗaya ya saɓa wa sauran, ba a rufe shari'a, sai a sake bincike. Ra'ayinmu ke nan a taƙaice: kada a yanke nonon kowace mace, kada kuma a fara yi mata maganin daji, sai shaidun nan uku sun yi magana, kuma takardar na ukun tana hannu.

Mashaidi na farko shi ne hannu da ido. Likita zai tambayi yaushe abin ya fara, ko akwai wadda ta yi irinsa a dangi, sa'an nan ya duba nonon duka biyu da hammata. Alamun da a ke nema su ne ƙullutu mai tauri, da fatar da ta lotsa ko ta yi kauri da ƙananan ramuka kamar ɓawon lemo, da kan nono da ya shige ciki, da jini da ke fita daga gare shi, da kaluluwa a hammata. A lura, dajin nono a farkonsa yawanci ba ya ciwo, kuma wannan rashin ciwon shi ke ruɗin mata har su ce a bari a gani. A lura kuma, yawancin ƙullutun da ke fita a nono ba daji ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kusan 9 cikin 10 sukan zama wani abu dabam, kamar jakar ruwa, ko ƙurji, ko ƙullutun nan mai santsi da ke gudu ƙarƙashin yatsa wanda ya fi fita ga 'yan mata. Ashe ke nan wadda ta je da wuri ta fi kusa da komowa da albishir. Sai dai hannu ba ya iya rantsuwa a kan wanne ne wanne, kome gwanintar mai shi.

Mashaidi na biyu shi ne hoto. A 1895 wani Bajamushe, Wilhelm Röntgen, ya gano hasken nan mai ratsa nama wanda a ke ɗaukar hoton ƙashi da shi. A 1913 wani likitan fiɗa a birnin Balin, Albert Salomon, ya riƙa ɗaukar hoton nonon da aka riga aka cire, yana gwada abin da hoto ya nuna da abin da madubi ya nuna. A 1960 Robert Egan na Amurka ya bayyana sakamakon hotuna 1,000 da ya ɗauka ta hanyar da kowane asibiti zai iya koyi. Daga nan hoton nono, wanda a ke kira mamogiram, ya bazu. Akan matse nonon tsakanin faifai biyu na ɗan lokaci, a ɗauke shi ta fuska biyu. Matsin ba daɗi, amma ba ya daɗewa, hasken kuma ɗan kaɗan ne. Amfaninsa babba shi ne yakan nuna dajin da hannu bai isa ji ba tukuna, har da waɗansu fararen ɗigo ƙanana kamar barbashin gishiri waɗanda kan zama alamar farko.

Amma yana da iyaka. Ya fi gani sosai ga matar da ta haura shekara 40, wadda kitse ya fara yawa a nononta. Nonon yarinya cike ya ke da tsoka mai kauri wadda ke fita fari a hoto, dajin ma fari ya ke fita, sai abin ya zama kamar neman ƙwayar shinkafa cikin gari. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin da yawa daga cikin matan da ciwon ke kamawa a ƙasar nan ba su kai shekara 50 ba. Saboda haka ga yarinya, da mai ciki, da mai shayarwa, akan fara da hoton sauti, watau sikanin ɗin nan da masu ciki suka sani. Ba ya amfani da hasken hoton ƙashi ko kaɗan. Yana rarrabe jakar ruwa da ƙullutu mai tsoka, yana duba kaluluwar hammata, yana kuma nuna wa likita inda zai bi da allura. Akwai kuma hoton maganaɗisu, wanda ya fi su gani, amma yana da tsada, ba a kuma nemansa sai da dalili, kamar ga matar da ta gaji haɗarin ciwon daga iyaye, ko inda sauran hotuna suka bar shakka.

Malaman makaranta da akawuna, ku a ke kawo wa takardar asibiti a ce ku karanta, saboda haka ga abin da ya kamata ku sani. A 1993 ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta fito da wani tsari da a ke rubuta wa BI-RADS, wanda yanzu ya ke da lamba a gabansa daga 0 zuwa 6, kuma za ku gan shi a ƙarshen takardun hoto da yawa. Lamba 0 tana nufin hoton bai isa ba, a ƙara wani. Lamba 1 ba a ga kome ba. Lamba 2 an ga abu amma ba mugu ba ne. Lamba 3 ga alama ba mugu ba ne, zaton daji bai wuce 2 cikin 100 ba, a komo bayan wata 6 a sake dubawa. Lamba 4 akwai zargi, a ɗebi tsoka. Lamba 5 zargi ya yi ƙarfi, 95 cikin 100 ko fiye. Lamba 6 kuwa ba a rubuta ta sai ga wadda madubi ya riga ya tabbatar. Ku duba da kyau, masu hoton da kansu sun yarda iyakarsu zargi. Haka nan kuma, in hannu ya ji ƙullutu mai ban tsoro, hoto ya ce bai ga kome ba, ba a sallami mace ta tafi gida ba, sai an ji ta bakin na uku.

Mashaidi na uku shi ne alƙawarin gaskiya, kuma shi ne aka fi tsoro. Ana ɗibar tsokar ne da allura, mace tana farke. Akwai siririyar allura mai zuƙo ƙwayoyin halitta kaɗai. Tana da sauri da araha, amma ba ta iya faɗin ko dajin yana nan cikin hanyar ruwan nono ko ya riga ya fasa ta ya shiga nama. Akwai kuma mai ɗan kauri, wadda likitoci suka fi so. Akan kashe wurin da allurar kashe zafi, a shigar da ita, a gutsuro tsoka 'yan ƙanana kamar guntayen tsinken tsintsiya, a liƙe wurin da filasta, mace ta tashi ta koma gida ran nan. Ba a kwantar da ita, yawanci ba a ko yin ɗinki.

Daga nan aiki ya koma hannun wani likita wanda mai ciwo ba ta ganinsa, watau likitan binciken tsoka. Tun 1858 Rudolf Virchow na Jamus ya nuna cewa cikin ƙwayoyin halitta cuta ke zaune, can kuma ya kamata a neme ta. Akan jiƙa tsokar cikin ruwan magani mai suna famalin don kada ta ruɓe, a dasa ta cikin kaki, a yanka ta sala-sala har ta fi fatar albasa sirantaka nesa ba kusa ba, a ɗora kan gilashi, a rina ta da shuɗi da ja, sa'an nan a sa ƙarƙashin madubi. Takardar da zai rubuta takan amsa tambayoyi huɗu. Daji ne ko ba daji ba? In daji ne, wane iri, ya kuma fasa ya shiga nama ko tukuna? Yaya zafinsa? Wannan akan ba shi daraja daga 1 zuwa 3, bisa ma'aunin da Bloom da Richardson suka kafa a Landan a 1957, aka kuma gyara shi a Nottingham a 1991. Ta huɗu, wadda ta fi duka amfani wajen zaɓen magani, ita ce: da me dajin ya ke ci?

Bari mu ɗan tsaya a nan. A 1896 wani likita a Glasgow, George Beatson, ya lura cewa in aka cire ƙwan mahaifar waɗansu mata masu dajin nono, sai ciwon ya lafa, waɗansu kuwa ko gezau. Ba a gane dalili ba sai bayan da Elwood Jensen na Amurka ya gano a 1958 cewa waɗansu ƙwayoyin halitta suna da wata kafa da ke karɓar sinadarin mata, watau istirojin. Dajin da ke da wannan kafa da sinadarin ya ke girma, in aka toshe ta sai ya rame. Abin da ƙwayar tamoxifen ke yi ke nan, wadda aka amince da ita a matsayin maganin wannan ciwo a Ingila a 1973. Ƙwaya ce mai sauƙin kuɗi, ana sha kullum shekara 5 ko har 10, kuma ga mai irin wannan daji tana rage haɗarin mutuwa da wajen kashi 1 cikin 3. Ga wadda dajinta ba shi da kafar kuwa, ba ta yin kome. Haka nan a 1987 Dennis Slamon da abokan aikinsa suka nuna cewa dajin da ke da yawan wani abu mai suna HER2 ya fi saurin yaɗuwa, a 1998 kuma aka fito da maganinsa, trastuzumab. Irin wannan daji wajen 15 zuwa 20 ne cikin 100, maganin kuma yana da tsada ƙwarai. Akwai kuma dajin da ba shi da ko ɗaya daga cikin kafofin nan, wanda maganin ruwa na kemo ne babban makaminsa. To, in ba a yi wannan gwaji ba, yaya za a yi? Sai a ba wata maganin da ba zai amfane ta ba har gidansu ya tsiyace, a hana wata ƙwayar da za ta tsirar da ita. Rashin sani ya fi dare duhu.

Har wa yau, takardar nan da hoton su ke nuna irin fiɗar da za a yi. A da can duk wadda aka samu da ciwon sai a cire nonon ɗungum har da naman ƙirji. Amma binciken Umberto Veronesi a Italiya a 1981, da na Bernard Fisher a Amurka a 1985, sun nuna cewa in dajin ƙarami ne, cire ƙullutun kaɗai a bi da gashi daidai ya ke da cire nonon duka wajen tsawon rai. Likitoci sukan auna girma: wanda bai wuce santimita 2 ba, kamar gyaɗa, shi ne ƙarami; wanda ya haura santimita 5, kamar lemun tsami, ya yi girma. In ya yi girma akan fara da kemo don ya ragu kafin fiɗa, in kuma ana zaton ya yi nisa akan ɗauki hoton huhu da hanta da ƙashi. Bayan fiɗa ma naman da aka cire yakan koma ƙarƙashin madubi, a duba gefensa ko an kwashe dajin tas, a ƙidaya kaluluwa nawa ya kama. Mace da yawa sun ƙi zuwa asibiti don tsoron rasa nono, alhali kuwa jinkirin ne ke jawo a rasa shi.

Mun san abin da a ke faɗi a zaure da tsakar gida, wai daji ba ya son ƙarfe, da allura ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Ba mu raina masu faɗin haka ba, gama sun ga abin da suka gani: an kai wance asibiti, an soka mata allura, ba ta yi wata shida ba ta rasu. Amma a tambaya, wata nawa ta yi da ciwon kafin a kai ta? Sau da yawa za a tarar ya shekara, ya riga ya kai hanta ko huhu, allura ta zo ta tarad da aikin gama ya gama. A ƙasashen da fiye da 9 cikin 10 ke tsira, kusan kowace ɗaya da wannan allura aka fara mata. Ƙarfen da ya kamata a ji tsoro shi ne na mai sakiya, wanda zai ɗauki daji a kan ƙurji ya huda, ya bar gyambo, watanni su wuce ana jiran ya warke. Mai shayarwa ma, in kumburin nono ya ƙi jin magani bayan mako ɗaya ko biyu, kada a ce na jego ne kawai, a koma a duba.

Amma ba a kan jama'a kaɗai laifin ya ke ba, dole mu faɗi na ma'aikata. Ƙa'idar da likitocin duniya ke bi ita ce a sa tsokar cikin famalin kafin awa 1 ta cika da cire ta, ruwan ya ninka ta wajen sau 10, ta zauna ciki daga awa 6 zuwa 72. In babba ce a tsattsaga ta don ruwan ya ratsa. In aka bar ta a kan tire cikin zafin ƙasarmu, ko aka zuba ta cikin ruwan gishiri, ko aka miƙa wa ɗan'uwan mai ciwo kwalba ya yi kwanaki yana neman kuɗin mota, to, kafofin nan da a ke nema sukan lalace, gwaji ya ce babu alhali akwai. An daɗe ana cewa dajin matan Afirka yawanci ba ya jin tamoxifen, sai wani bincike da aka yi a Ibadan, aka bayyana a 2008, inda aka kula da tsokar yadda ya kamata, ya sami kafar ga kusan kashi 2 cikin 3 na matan. Mafi muni kuma shi ne a cire ƙullutu a wani ƙaramin asibiti a jefar, a ce wa mace ta warke. In iyali sun nemi a ba su naman su binne, a lallashe su a bari a duba tukuna.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa wa ƙasashe ma'auni uku: a gano aƙalla 60 cikin 100 na masu ciwon tun yana mataki na 1 ko na 2, a gama dukan bincike cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara kai kuka asibiti, kuma aƙalla 80 cikin 100 su ƙarasa magani. Kwana 60 ɗin nan ba su fi ƙarfinmu ba. Akwai ɗakunan binciken tsoka a manyan asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos. Abin da ya rage shi ne hanya tsakaninsu da ƙananan asibitoci. Muna roƙon Gwamnatocin Jihohi su sa wannan cikin kasafi: famalin da kwalabe a kowane ɗakin fiɗa, da ranar da aka tsayar kowane mako wadda mota za ta kwashi tsoka ta kai, da hanyar aiko da sakamako ta waya, da koya wa likitocin manyan asibitocin gari ɗibar tsoka da allura, da ƙara yawan mata masu ɗaukar hoto, domin mace ta fi sakin jiki gaban 'yar'uwarta. A kuma sauƙaƙa kuɗin gwajin kafofin nan, gama kuɗinsa bai kai na maganin da za a ɓarnatar in ba a yi shi ba.

Ku kuma masu karatu, ga naku rabon. Akawun da ke riƙe da rajista ya sani takardar sakamako da ta kwana cikin aljihun tebur ran mutum ce ta kwana a can. Ya rubuta suna da lamba daidai, ya nemi mai ita. Malamin makaranta ya karanta wa maƙwabta takardarsu da gaskiya, in ya ga lamba 4 ko 5 ya ce a koma gobe, kada ya ce a jira bayan kaka. Malamai mata su koya wa manyan 'yan mata sanin jikinsu. Maigida kuwa, in iyalinsa ta ce ta ji wani abu, ya ba da izini da kuɗin mota ran nan, ya kuma san maza ma ciwon yakan kama su, wajen 1 cikin 100 na masu shi. In aka kai ga maganar fiɗa ko kemo, ya yi tambaya uku cikin ladabi: an ɗebi tsoka, ina takardar, an kuma gwada da me dajin ke ci? Likitan kirki ba zai ji haushin wannan ba. Matambayi ba ya ɓata, in kunne ya ji kuma jiki ya tsira. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.